Ɗakuna Takwas da Suka Rage

"Baƙa ce, mai wutsiya ɗaya, tana zaune a kan layi na uku," in ji Nai Lamria, hancinta kamar zai taɓa takardar.

"Na uku daga sama ko daga ƙasa?"

"Haba Amang Guru, layukan biyar ne fa. Na uku ai na uku ne, ko ta ina ka ƙirgo."

Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce gwada ta yake yi, ya ga ko warin kifi bai toshe mata ƙwaƙwalwa ba. Sannan ya ce ta rubuta bakwai, ita kuwa ta rubuta.

Wata huɗu ke nan suna wannan aiki a barandar gidansa da ke bayan kasuwar garinmu Balige, a bakin tafki. Kullum da ta tashi daga rumfar kifinta, sai ta wanke hannu da lemun tsami, ta tsallaka kwatar da ta raba gidajensu, ta zauna. Guru Sitompul, wato malamin da take ce wa Amang, baba ke nan a harshenmu, ya shekara arba'in da huɗu yana jagorantar mawaƙan cocin unguwar, hannunsa ne ke gaya musu inda za su ja numfashi da inda za su sake shi. Ciwon suga ya cinye masa idanu bara, ya bar shi da kunne da baƙin taurin kai.

Mawaƙan nasa kuwa, 'yan kasuwa ne da direbobi da tsofaffin malaman firamare, kuma kamar kowa a cocinmu, da lambobi suke karanta waƙa, ɗaya zuwa bakwai. Babban littafin da ke kan cinyar Nai Lamria ba da lambobi aka rubuta shi ba. Ɗige-ɗige ne a kan layuka biyar, an yanka layukan gida-gida, ita ɗakuna take ce musu. Wani Bajamushe ne ya tsara waƙar tun kakannin kakanninmu, bayan annoba ta kwashe masa 'ya'ya uku, ya tsara ta don muryoyi huɗu da makaɗa kusan arba'in, masu goge da masu busa. Wani malamin mishan ya bai wa Guru littafin yana saurayi, kuma duk garin shi kaɗai ya iya karanta shi. Guru ya mayar da kalmomin zuwa harshenmu tun tuni, ya shekara goma sha ɗaya yana mayar da ɗige-ɗigen lambobi. Kashi shida ya gama, yana shirin kama na bakwai, wato na ƙarshe, idon ya tafi.

Kada ka ɗauka wata shaƙuwa ce ta kai Nai Lamria barandar nan. Ina! Mutumin da ya taɓa jifanta da alli tana budurwa, ya ce muryarta ta akuya ce, sai dai akuyar ba ta barin turkenta? Shekara talatin tana cikin mata masu muryar ƙasa, bai taɓa ce mata sannu ba. Amma wata safiya tana shanya kaya sai ta jiyo shi ta bangon katako yana buɗe shafukan littafin da ba ya gani, ya ɗan rera, ya kakare, ya sake farowa, ya sake kakarewa a wuri guda. Tausayi ya kama ta, haushi ma ya kama ta. Ta shiga ko sallama babu, ta ce shi yana da sani ba ido, ita tana da ido ba sani, to a haɗa mana. Ya ce aikin ba na masu sayar da kifi ba ne. Ta ce to ya jira masu sayar da zinariya su zo. Can ya miƙo mata littafin.

Ɗaki sittin da huɗu ne a kashin na ƙarshe, kowane ɗaki murya huɗu. Ranar da jikinsa ya yi daɗi sai su ci ɗaki biyu ko uku, ranar da bai yi ba ko rabi ba sa kaiwa, wani lokacin mako guda cur ba a taɓa littafin ba. Ta faɗa masa siffar ɗigo, ya faɗa mata lamba. In ta yi kure ya ji lambar ba ta zauna da ta baya ba, sai ya buga sandarsa a ƙasa ya ce ta sake dubawa, kuma goma cikin goma shi ke da gaskiya. Duk shafin da ya cika, ranar Alhamis ta kai shagon hoton takarda, ta miƙa wa Binsar mai kaɗa ogan, abin kiɗan coci, wanda ke riƙe da mawaƙan tun da Guru ya kwanta. Shi ma Binsar lambobin kawai ya sani.

Burin tsohon ɗaya ne, ya ji waƙar daga farko har ƙarshe da kunnensa, ko sau ɗaya. Ya ce ba don jana'izarsa yake wannan wahala ba, gawa ba ta da kunne.

Ranar Talata ta zo masa da kofi da wainar shinkafa cikin ganyen ayaba, ta tarar baranda ba kowa. Yana kwance kan tabarma a ɗakin gaba, ƙafafun sun kumbura, numfashin na fita da ƙyar. Ta ce bari ta tare mota su tafi asibiti. Ya ce asibitin sun gama magana tun makon jiya, ta ɗauko littafin. Ɗaki ɗaya suka yi, ya ɗauke su fiye da awa guda.

"Saura nawa?" ya tambaya.

"Takwas, Amang."

"Takwas ba yawa." Ya ɗan huta. "Rera mini naki, daga kan shafin."

Ta fara rerawa ƙasa-ƙasa da muryar nan tata ta akuya. Ɗan yatsansa yana bugun ƙirjinsa yana riƙe mata lokaci. Da ta kai inda lambobi suka ƙare ta yi shiru, amma yatsan bai tsaya ba, ya ci gaba da bugawa shi kaɗai, a hankali, leɓɓan tsohon suna motsi. Ta zuba masa ido tana ƙirgawa a zuci. Bai kai ɗaki na biyar ba yatsan ya kwanta. Ta kira shi sau biyu, sannan ta rufe masa idanu ta fita ta gaya wa maƙwabta.

Kafin la'asar ɗan ƙanensa ya bugo waya daga birnin Medan, ya ce gobe da ƙarfe uku za a binne shi. Babu wanda ya yi musu. Matar Guru ta rasu ba su haihu ba, kuma ka san al'adarmu, wanda bai bar ɗa ko jika ba, ba a yanka masa ɓauna, ba a buga masa ganguna, ba a yi masa rawa. Addu'a, waƙa ɗaya ko biyu, sai makabarta. Nai Lamria ta ji abin har cikin ranta. Mutumin da ya raka gawar rabin garin nan da waƙa, a sallame shi kamar baƙon da ya kwana a tasha? Ta tare Binsar a bakin ƙofa ta ce gobe kashi na bakwai za a rera masa, kuma har ƙarshe. Binsar ya ce ai ƙarshen babu shi. Ta ce zai samu.

Ta zagaya bayan gida, ta kifa turmi ta zauna, ta ɗora littafin a kan faifai. Mata na ta shigowa da kuka a gaba, ita ko hawaye ba ta da lokacinsa. Ta faɗi siffar ɗigon farko a fili yadda ta saba, ta jira amsa, babu mai amsawa. Sai ta ji bakinta da kansa ya ce uku. Ta duba ɗakunan baya, ta nemo ɗigo irinsa a wuri irin nasa, uku ɗin ne kuwa. Ashe wata huɗun nan ba a banza ya wuce ba. Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana rubutawa, tana rerawa, tana gogewa, har rana ta kusa faɗawa bayan tafki.

Ɗaki na ƙarshe ɗige huɗu ne kacal, farare, marasa wutsiya, kowace murya ɗaya, a ja ta har numfashi ya ƙare. Na muryarta lamba ɗaya ne. Sai dai a gabansa akwai wata 'yar alama mai kama da guntun shinge. Ta san ta, Guru kan ce in ta gan ta ta ja kara a jikin lambar, a ɗaga murya kaɗan. Amma duk tsawon waƙar, duk inda aka sauke numfashi, a kan ɗaya tsurarta ake saukewa, mai nauyin nan na makoki. Ta daɗe tana kallon alamar. Sannan ta ja karan.

Washegari da safe mawaƙa ashirin da shida suka taru a coci, kowa ya kwafi ɗakunan takwas da fensir daga takardarta. Ɗakuna bakwai suka tafi sumul, har Binsar yana ɗago kai yana kallonta da mamaki. Da aka zo na takwas, rabin matan muryar ƙasa suka ɗaga, rabi suka sauka inda suka saba, abin ya fito kamar an taka wutsiyar kyanwa. Aka sake, ya fi na farko muni.

"Inang, wannan karan kure ne," in ji Binsar cikin ladabi, yana kiranta yadda muke kiran uwa. "Waƙar makoki ba ta ƙarewa haka. Littafin ya tsufa, wataƙila kashin ƙuda kika gani."

Aka fashe da dariya, mutane na share hawaye suna dariya. Nai Lamria ta buɗe littafin a gabansa, ta sa farce ta kankare alamar da ƙarfi. Ba ta fita ba. Binsar ya sosa ƙeya, ya ce ko da ba ƙuda ba ne, lokaci ya ƙure, ba zai kai ɓarna gaban gawar malaminsu ba. Kowa ya goge karan, a sauka inda aka saba. Fensirori suka hau aiki. Ita ta naɗe takardarta ta soka a jaka.

Tsoro fa ta ji, ba ƙarami ba. In ita ce ta yi kure, za ta ɓata wa tsohon aikin shekara goma sha ɗaya a numfashin ƙarshe, a gaban fasto da dangin Medan, kuma har ta mutu ana ba da labarinta a kasuwa. Amma in alamar gaskiya ce, to waƙar da za a rera ba ita ce ya makance a kanta ba. Da rana, matan muryar ƙasa su takwas suna bayan gida suna dafa wa baƙi shinkafa, ta riƙa bin su ɗaya-ɗaya tana rera musu sautin a kunne. Wasu suka gyaɗa kai don ta ƙyale su. Nai Bornok, wadda muryarta ta fi ta kowa ƙarfi kuma sauran ita suke bi, ta ɗaga ludayi ta ce, "Ke yaushe kika zama Bajamushiya? Jiya-jiya kike yi mini ƙwange a ma'aunin kifi."

"Ban ce na sani ba. Na ce na gani."

"In kika ba mu kunya fa?"

"Ki ce ni ce. Kowa ya san muryata."

Nai Bornok ta yi tsaki ta koma kan tukunyarta.

Ƙarfe biyu aka fito da akwatin tsakar gida ƙarƙashin rumfar tamfol, a buɗe, an lulluɓe Guru da mayafin saƙa har ƙirji. Mutane ba su da yawa. Fasto ya yi gajeren wa'azi. Kafinta yana tsaye a gefe da murfin jingine a kafaɗarsa, guduma a hannu, ƙusoshi a baki, yana duban sama don hadari ya fara haɗuwa. Babu ogan a tsakar gida, Binsar ya ba su sauti da bakinsa, ya ɗaga hannu.

Suka rera. Maza masu muryar ƙasa suka shigo da nauyi, sauran suka hau kansu ɗaya bayan ɗaya, waƙar na tafiya kamar mai ɗauke da kaya a kan tudu. Suka wuce inda Guru ya tsaya, suka shiga ɗakunan da ta yi ita kaɗai. Ɗaki na shida, na bakwai. Binsar ya buɗe tafin hannu don sautin ƙarshe, mata bakwai suka sauka inda suka saba, Nai Lamria ta rufe ido ta ɗaga.

Sautin ya yi karo, ya yi tsami, har fasto ya ɗago kai. Binsar ya zaro mata ido. Ba ta gani ba, ba ta kuma motsa ba, ta kafe a inda take, jijiyar wuyanta ta miƙe. Sai ta ji wata ƙatuwar murya a kafaɗarta ta dama ta hauro ta same ta, Nai Bornok ce. Sauran shidan suka biyo ta kamar yadda suka saba. Nan take tsamin ya ɓace. Muryoyi huɗun suka zauna daram a kan juna, waƙar da ta yi ta kuka tun farkonta ta washe, ta yi haske, irin wanda babu ko ɗaya cikinsu da ya taɓa jin ya fito daga bakinsa. Sai a sannan hawaye suka zubo wa Nai Lamria, na daɗi da na takaici tare, don tsohon ya san da wannan a ƙarshen littafin shekara da shekaru, kuma shi kaɗai ne a tsakar gidan bai ji ba.

Binsar ya manta bai rufe hannunsa ba. Suka ja sautin har numfashi ya riƙa ƙare musu ɗaya bayan ɗaya, ya rage muryoyi uku, ya rage biyu, ya ɗauke. Babu wanda ya motsa. Kafinta ya cire ƙusoshin daga bakinsa ya zuba su a aljihu, ya tsaya riƙe da murfin, yana jiran wani ya ce masa ya rufe.