Sarkin Ruwan Bukit Jalil

Bahauddeen ya sake tsayawa a bakin tafkin wanka na benensu da ke unguwar Bukit Jalil a ƙasar Malayawa, yatsun ƙafarsa sun damƙe gefen siminti kamar kaza a kan katanga. Ruwan garau yake, har ƙasansa ana hangowa. Amma ƙafafun suka ce ba da su ba.

"Sarkin Ruwa!" aka kira daga bayansa. "Har yanzu ana shawara da kogin ne?"

Malam Datti ne, babba a cikin 'yan Arewa mazauna benen, malamin jami'a da ya zo digiri na uku. Yana riƙe da ledar gurasar roti da shayi da ya sayo a shagon abincin Indiyawa na ƙasa, wanda ake kira mamak.

"Yau ce ranar, Malam," in ji Bahauddeen. "Bayan azahar."

Bahauddeen ɗan Funtuwa ne, sufurin jiragen ruwa yake karantawa. Sashensu ya samu gurbin ɗalibi ɗaya a wani jirgin dakon kaya da zai tashi daga Port Klang, ya ratsa Tekun Indiya, ya kewayo ƙasan Afirka har Legas, kuma shi aka zaɓa. Sai dai ba a hawa jirgin sai an ci gwajin tsira a teku: mutum ya diro daga dandamali mai tsawo, ya yi iyo zuwa kwale-kwalen ceto. Makon jiya ya hau dandamalin, ya leƙa ƙasa, ya sauko ta matakala yana sunkuyar da kai. In ya maimaita haka yau, gurbin ya zama na wani.

Malam Datti ya ja kujerar roba ya zauna. "Baha, ruwa ba sa'an kwando ba ne. Ka rubuta kundinka a ɗaki mai sanyi, ka karɓi takardarka, ka koma gida a ba ka kujera. Wa ya taɓa tambayar malami ko ya iya iyo? Mu mutanen tudu ne. Raƙumi da jaki kakanninmu suka sani."

"Ai shi ya ci mu!" Bahauddeen ya juyo, ya ma manta da gajeren wandon da ke jikinsa. "Jar fatar Sakkwato ta haye teku zuwa Turai, aka saye ta da sunan Maroko, don mun miƙa wa wani mun koma gida. Yau ma sauya zani aka yi. Citta tamu, riɗi namu, zoɓo namu, amma jirgi na wani, farashi ma wani ke yankawa. Malam, ka je Melaka ka gani. Garin masunta ne fa, mashigin teku ya mai da shi kasuwar duniya, Larabawa da Indiyawa da mutanen Sin duk nan suke haɗuwa. Mu kuwa kullum maganar ɗaya ce, wai ba a san mu da shi ba. To yaushe za a san mu?"

"Ma sha Allah, lacca ta yi kyau." Malam Datti ya kurɓi shayi. "Ga ruwa nan a gabanka, ko igiyar ruwa babu. Bismillah."

Bahauddeen ya dubi ruwan, ya dubi Malam Datti. Ya ɗauki tawul ɗinsa ya nufi lifta.

A sama ya tarar da matarsa Hureira tana shirya 'yarsu Ummi. Ita tuni ta koyi iyo a lokacin da ake ware wa mata, tare da maƙwabtanta Malayawa, ba tare da ta yi wa kowa lacca ba.

"Ka dira?" ta tambaya.

Ya rataye tawul ɗin a bayan ƙofa.

"Baban Ummi, kai so kake ka gama fahimtar ruwa kafin ka shiga, kamar wani littafi. Iyo ka iya shi, na gani da idona. Ƙasa kake kallo, shi ya sa. Ka kalli gabanka ka ɗaga ƙafa, kamar za ka shiga jirgin ƙasa na LRT."

"Kin san tun ina yaro, in na doshi dam ɗin Mairuwa sai Hajiyarmu ta zane ni."

"To Hajiya tana Funtuwa. Ci abinci."

Da azahar aka kece da ruwan sama irin na garin, wanda ba ya sallama. Mota biyu ya kira ta waya, duk suka fasa zuwa. Yana tsaye a ƙofar bene yana duba agogo sai ga tsohuwar motar Malam Datti.

"Shigo in kai ka, in ga ƙarshen wasan."

A hanyar Klang manyan motoci ne jere, kowace da kwantena a baya, ja da shuɗi da kore, suna watsa musu ruwa. Bahauddeen yana karanta sunayen da ke jikinsu a zuci, babu ko ɗaya na gida. Malam Datti ya riƙe sitiyari da hannu biyu, idonsa a kan hanya.

A cibiyar horon, mai gwajin wani tsohon kyaftin ne Bamalaye, gajere, fuskarsa duk rana ta dafa. Ya ɗaura wa Bahauddeen rigar ceto mai ruwan lemo, ya ja igiyoyin da ƙarfi, ya dafa kafaɗarsa. "Boleh, lah," ya ce, wato za ka iya.

Bahauddeen ya hau. Daga sama tafkin ya koma kamar bakin rijiya. Ya tuna jirgin, ya tuna yadda zai koma gida ya tsaya gaban ɗalibai yana ba su labarin tekun da bai taɓa hawa ba, kamar yadda aka yi masa. Ya ɗago kai daga kallon ƙasa. Can bayan gilashi ya hango Malam Datti a tsaye, ba dariya a fuskarsa, leɓunansa suna motsi.

Ya toshe hanci, ya yi bismillah, ya ɗaga ƙafa.

Ruwan ya rufe shi, kunnuwansa suka toshe, komai ya koma kore. Kafin tsoro ya gama kama shi, sai ya ji an finciko shi sama kamar an kama wuyan rigarsa. Ya fito yana tari, ya kama iyo hannu bayan hannu har ya dafa kwale-kwalen roba, ya ja jiki ya faɗa ciki. Kyaftin ya ɗaga masa babban yatsa.

Da ya fito yana ɗiga, Malam Datti bai ce Sarkin Ruwa ba. Ya karɓi rigar ceton yana jujjuya ta, yana matsa soson da ke ciki.

"Wannan ce ta ɗago ka?"

"Ita ce."

"Ko mutum bai iya iyo ba?"

"Ko da ya suma, Malam. Fuskarsa za ta juyo sama."

Malam Datti ya sauke rigar. "Ƙanena Hussaini a kwale-kwale ya tafi, a Yawuri, ranar kasuwa. Su da yawa. Gaɓa tana nan kusa, ana kallonsu." Ya share fuska da tafin hannu. "Muka ce wa'adi ne."

Magana ta taso wa Bahauddeen, irin wadda ya saba, a kan sakaci da kwale-kwalen da ke kifewa duk damina. Ya haɗiye ta.

"Allah ya jiƙansa, Malam."

"Amin." Malam Datti ya sake ɗaga rigar, yana gwada nauyinta a hannu. "Ba ta da nauyi ma. Wannan jirgin naku, yana ɗaukar irin waɗannan zuwa gida in an tara da yawa? Tambaya kawai nake yi."

"Yana ɗauka."

"Wa ake gani?"

"Ofishin kamfanin jirgin yana kan hanyarmu ta komawa."

Malam Datti ya miƙa wa kyaftin rigar da hannu biyu, ya laluba aljihu ya ciro makullin mota.

"To sa kayanka, kar su tashi daga aiki."