Gefen Dama

Da maganin barci ya sake ta, abin da Uwar Biyu ta fara yi shi ne lalubar ƙirjinta. Nonon hagu yana nan. Dama kuwa a shafe, sai bandeji da wani siririn bututu.

Shekarun baya ciwon daji ya kama nonon nan, aka cire shi aka sa mata jakar roba mai taushi a ƙarƙashin fata a madadinsa. Da ƙofar zuciyarta ta fara yoyo, likita ta ce ba sai an tsaga ƙashin ƙirji ba, ta 'yar kafa tsakanin haƙarƙarin dama za a bi. Sai dai jakar ta tare hanya, dole a fitar da ita, in an gama a mayar. Da wannan alkawari ta yarda.

Mijinta, direban babbar mota, yana gefen gado da hula a gwiwa, yana ta zuba mata labarin tayar da ta fashe masa bara. Mutumin da kan yini bai ce uffan ba! Ana cikin haka likita ta shigo.

"Zuciya ta gyaru, Hajiya, sai godiya. Amma jakar ta tsufa, nama ya manne mata, wajen cirewa ta yage. In na sa sabuwa yanzu, ina tsoron ƙwayar cuta ta kama wurin ta kai ga zuciyar. Sai kin warke tukuna."

Uwar Biyu ta juya fuska bango, hawaye na gangarowa cikin kunnenta. Ba jakar take wa kuka ba. Tun da aka sa ta, mijin nan bai taɓa kai hannu gefen ba, ko rungume ta zai yi sai ya karkace. Ta daɗe da yanke cewa ƙyama yake yi, ta haɗiye. To in da jakar ma haka, yanzu fa?

"Baban Biyu, tafi gida," ta ce. "Da ma can ƙyamar wurin kake, balle yanzu da babu komai."

Direba ya saki baki. "Ƙyama? Ni? Wallahi tsoro nake kada in fasa miki jakar! Ba ki ga hannuna ba? Ranar da aka sallame ki wancan karon, nas ta ce a yi hankali da wurin."

"Na 'yan makonni ake nufi, Malam," in ji likita, tana danne dariya.

"To ai ba wanda ya dawo ya ce min an ɗage dokar!"

Dariya ta ƙwace wa Uwar Biyu, ɗinki ya ja ta, ta yi 'yar ƙara. Haushi da tausayi suka cika ta, na shekarun da suka kwana kusa da juna kowa da nasa tsoron.

"Kai dai Allah ya shirye ka. Kawo hannun nan."

Ya dubi likita yana neman izini, ta ɗaga masa kai ta fita. Uwar Biyu ta kama ƙaton hannun, ta ɗora shi a hankali sama da bandejin. Wannan karon bai janye ba.