Akwati Ba Tsaraba

Monita, wato shugabar aji, ta hau kan akwatinta da gwiwa biyu tana kokawa da zif, gumi na tsattsafo mata duk da sanyin garin. Turaren Umma, agogon Baba, takalman ƙwallon ƙaninta, gyale-gyalen dangin da wasu ma sai an tuna mata sunansu, duk ta cusa su ciki. Yau kwas ɗin gwajin ruwan sha da ya kawo su ƙasar waje ya ƙare, da la'asar motar filin jirgi za ta zo. Da zif ya rufu ta ɗago kai, sai idonta ya sauka kan akwatin abokiyar ɗakinta, wadda 'yan aji ke kira Siririya. A buɗe yake bisa ɗaya gadon, kayan sawa ne kawai a ninke, ko rabi bai cika ba.

"Ke, ina tsarabarki?"

"Ban saya ba," in ji Siririya, tana ɗaure igiyar takalmi.

"Ko alewa?"

"Ko alewa."

Monita ta tsorata. A saninta ba a komawa gida daga ƙasar waje hannu na dukan cinya. Ko Rediyo, ɗan ajinsu mai surutun tsiya da maƙon da ya fi surutun, ya sayo maƙalan makulli cike da leda. Wanda bai sayi tsaraba ba, a lissafinta, bai shirya haɗa ido da mutanen gida ba ne.

Kuma ba banza ta tsorata ba. Tun ranar da suka sauka, Dokta, malamin da ya jagoranto su, ya faɗa musu ba ɓoye-ɓoye: in ɗalibi ɗaya ya yi ɓatan dabo ya ƙi komawa, makarantar nan ta rufe ƙofa ke nan, ayarin baɗi ba zai zo ba. A ayarin baɗi kuwa ƙaninta yake. Yaron har ya yi fasfo, kullum sai ya bugo ya tambaye ta ko da gaske ne famfon ɗakin gwaji da kansa yake kawo ruwa in an miƙa hannu. Dokta ne kuma ya ɗora mata monitanci, ya ce ta zama idonsa.

Nan take abubuwan da ta gani ta share suka riƙa dawo mata. Wayar da Siririya ke fita amsawa a kan matakala, murya ƙasa-ƙasa. Jibgegiyar rigar sanyin da ta saya makon jiya, wadda in ta sa a gida sai yara su bi ta da dariya. Ga ta nan ma rataye a bayan ƙofa, ba a ko ninke ta ba.

Da hantsi suka je ɗakin gwaji mayar da fararen riguna da katin buɗe ƙofa. Ana ta ɗaukar hoto gaban kwalaben ruwa, Rediyo na rantsuwa cewa daga yau ko ruwan gidan surukai sai ya gwada kafin ya sha. Kowa na dariya, ban da Monita. Ta kasa kunne, ta sa ido, duk inda Siririya ta juya tana biye. Da idonta ta ga ta zaro fasfo daga aljihu ta mayar cikin ƙaramar jakar kafaɗa.

"Zan ɗan fita," in ji Siririya.

"Ina zuwa?"

"Nan kusa."

"Mu je in raka ki."

"A'a, ki zauna. Monita guda, wa zai tsare garken?"

Ta bari ta yi nisa, sannan ta bi ta a baya kamar ɓarauniya, tana jin kunyar kanta tana kuma ci gaba. A tasha Siririya ba ta tsaya gefen masu zuwa kasuwa ba. Ta tsallaka titi, ta hau motar da ke fita bayan gari. Monita ta tsaya har motar ta sha kwana, sannan ta juyo ta nufi ɗakin Dokta.

Ta same shi yana auna jakarsa a sikelin aro. Ta zayyana masa komai, tun daga akwati har motar.

"Kin tabbata?"

"Ban ce na tabbata ba, Dokta. Amma wa ya taɓa komawa gida ba tsaraba?"

Dokta bai yi dariya ba. Ya cire tabarau ya murza ido. "In ta dawo, to. Amma ko ta dawo sai na kai maganarta gaban hukumar makaranta. Tallafin karatu ba na masu neman hanyar gudu ba ne."

Ana loda akwatuna a mota sai ga Siririya, tana sauri, hancinta ya yi ja don sanyi. Dokta bai jira ta iso ba.

"Kawo fasfonki."

Masu loda kaya suka tsaya cak, har da Rediyo. Siririya ta dubi Dokta, ta dubi 'yan aji ɗaya bayan ɗaya, ta tsaya kan Monita, wadda ta duƙufa tana gyara igiyar jakar da ba abin da ya same ta. Siririya ta zaro fasfon ta miƙa masa.

A cikin mota kujera ɗaya ta rage, ita ce ta kusa da Monita. Nan Siririya ta zauna, mota ta tashi. Gidaje suka ƙare, aka shiga babban titi.

"Ba ki yi ƙarya ba," in ji Siririya, idonta na kan taga. "Na yi niyyar tsayawa. Wata mata ta samo mini aiki a gidan kula da tsofaffi, har da ɗakin kwana."

Monita ta juyo ta dube ta. Ta zaci in zarginta ya tabbata za ta ji sanyi, sai ta ji kamar an ɗora mata dutse.

"Tun rasuwar Inna, gidan kawu nake raɓe. Ba mai jirana, balle tsarabata. Amma jiya da ƙaninki ya bugo kika sa shi a sifika, ya ce a ajiye masa gadon da ke kusa da taga, sai barci ya gagare ni. Shi ne na je na ba matar haƙuri baki da baki, don ta yi mini kirki, bai kamata ta ji a waya ba. Fasfon kuwa, kin manta an ce kada mu fita ba tare da shi ba?"

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Ke me ya sa ba ki tambaye ni ba? Tsaraba kawai kika tambaya."

Monita ta kawar da kai. Kunya ta rufe ta, tausayi ya biyo baya. Daga inda take tana hango ƙeyar Dokta a kujerar gaba. Ta san halinsa, in ya ce zai kai magana to ya kai, kuma Siririya ba ta da wani abin riƙo a duniya sai wannan tallafin. Ta kuma san abin da zai biyo baya in ta tashi ta ɗauki laifin a kanta: monitanci ya tafi, yardar Dokta ta tafi, Rediyo kuwa zai yi shekara yana watsa labarinta.

Ta miƙe, motar na jijjiga ta, tana dafa kujeru har ta isa gaba.

"Dokta."

"Mene ne kuma?"

Ta ɗaga murya yadda na baya ma za su ji.

"Maganar ɗazu, sharri na yi mata. Faɗa muka yi a ɗaki."