Tsoron Goje

Ruwan shuka ya sauka a Sabuwa, maƙwabta duk sun yi huɗa, amma gonarmu ta ƙetaren rafi tana nan kwance, ciyawa na cin karenta babu babbaka. Ba don babu shanu ba. Muna da bijimai biyu, Ja da Goje, kuma kullum da sassafe Baba kan ɗaura musu karkiya, ya ɗora garma, ya kama hanya. Kafin Inna ta sauke koko sai ga shi ya dawo, rigarsa sharkaf da gumi.

"Goje ya ƙi," abin da yake cewa ke nan. "Wanga sa ya lalace. Da ya hango rahi sai ya kahe, jikinshi na ɓari. Tun ranar nan bai ƙara zama daidai ba."

Kowa a gidanmu ya san wace rana ce ranar nan, kuma ba mai faɗa. Bara war haka ɓarayin daji suka ɗauke Baba a gonar, yana tsakiyar noma. Bayan dogon lokaci aka karɓo shi, ya dawo a rame, ya yi wanka, ya amsa masu barka, shi ke nan. Ko Inna ba ta ji kalma ɗaya daga bakinsa a kan abin da ya gani ba. Malam Gide ne fa, mutumin da ake kira idan maciji ya shiga rumbu.

Abin da ya hana ni sakat shi ne, Goje ba ya nan ranar. Na tuna sarai. Kawu ya ari shanun ya tafi da su Mabai, da suna gonar ma ai da tuni an kora su daji. To me Goje ya gani?

Ni Hafiza, hutu ne ya dawo da ni gida daga kwalejin horon malamai, kaina cike da darasin ilimin halayyar ɗan Adam. Malaminmu ya ce a cikin kowane mutum akwai masu jayayya uku: mai son abin da yake so yanzu-yanzu, da mai tsawa da ke cewa wannan abin kunya ne, da na tsakiya da ke wahalar sasanta su. Idan abu ya fi ƙarfin na tsakiyan, sai ya yi dabara. Wani lokaci ya danne abin ya binne. Wani lokaci kuma ya ɗauke shi ya ɗora wa wani, mutum ya rantse cewa a jikin wancan abin yake. A aji mun yi ta dariya muna nuna juna. A gida ban ga abin dariya ba.

Baba ba ya iya zama. Ya kwance igiyar akuya ya sake ɗaurewa. Ya wasa fartanyar da ya wasa jiya. Ya fita ƙofar gida, ya dubi gabas, ya dawo, ya tambayi Inna ko an ba shanu dusa, alhali shi ya ba su da hannunsa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne dukan. Baba da ke cire wa Goje kaska ɗaya bayan ɗaya yana yi masa kirari, yanzu tsumagiya yake zuba masa a turke yana kiransa matsoraci. Goje kuwa sai ya juyo da manyan idanunsa ya dube shi, ya ci gaba da tuƙa.

Wata safiya na ɗauki tulu na bi bayansu kamar mai zuwa ɗebo ruwa. Shanun suna tafe lafiya lau har gangaren rafi. Ja ya sa ƙafa a ruwa. Goje ma ya miƙa wuya zai bi. Baba na daga baya yana ta tsawa, "Mu je! Mu je mana!" amma hannunsa na hagu, mai riƙe da igiyar hancin Goje, ya naɗe ta a wuyan hannu yana ja baya da ƙarfinsa duka. Hancin san har ya fara jini. Da baki ana korar dabba, da hannu ana janye ta, ina za ta nufa? Na koma gida da tulu babu ruwa.

A ranar Baba ya yanke hukunci. Yana wanke ƙafa ya ce, "Ran kasuwar Sheme zan kai shi kara. Ba ni ciyar da raggo."

Inna ta ajiye muciya. "Malam, sa guda ai ba shi huɗa. Damina kuma ba ta jiranmu."

"Na gama magana."

Idan Goje ya tafi, gonar ta tafi bana, kuma ita ce ke cika mana rumbu. Na kuma tabbata ko wane sa aka sawo, shi ma matsoraci zai zama.

Yayana Shamsu, mai acaba a Faskari, ya zo da yamma. Na ja shi bayan rumbu na gaya masa abin da na gani, har da bayanin malaminmu. Shamsu mutum ne mai son a gama magana kafin a fara ta.

"Ke da bokonki! To mi ye abin wahala? Gobe in kama shanun in ƙetare da su, in yi huɗar, kowa ya ga lahiyar Goje lau."

"Kowa ya ga lafiyar Goje lau, Yaya. Sai kuma kowa ya tambaya, to wa ke da ciwon?"

Ya shiga kaɗa makullin babur.

"Gari duka ya san Baba ya ce sa ne ya ƙi. Ka ƙetare da shi gobe, ka tuɓe wa Baba riga a gaban mutane. Ba zai ƙara ɗaga kai a masallaci ba."

"To sai mu zuba ido a saida shi?"

Na yi ta juya abin a raina, na share tsakar gida, na sake sharewa, har Inna ta ce ko ni ma ciwon Baba ya kama ni. Malaminmu ya koya mana sunayen dabarun nan tsaf, amma bai gaya mana yadda 'ya za ta tunkari ubanta da su ba. Abu ɗaya na riƙe daga bakinsa: abin da aka binne ba ya mutuwa, sai an samu wanda za a faɗa wa.

Ana gobe kasuwa na tarar da Baba a turke yana goge wa Goje jiki don ya yi kyan gani. Na durƙusa.

"Baba, a makaranta an ce tsoro yana da magani."

"Har na shanu?" Ya yi 'yar dariya ba tare da ya dube ni ba.

"An ce idan mai tsoro ya ji wani ya faɗi abin da ya gani, a wurin da ya gani, yakan samu sauƙi. Shi Goje ba shi da baki. Ku ne kaɗai kuka san abin da ya faru. Da za ku gaya masa a bakin rafi, ko sau ɗaya, kafin a kai shi Sheme."

"In tsaya ina hira da sa? Ɗiyar nan, karatun wanga ya taɓa maki kai."

Ya ci gaba da gugarsa. Na tashi na koma ɗaki. Amma da gari ya waye, maimakon igiyar kasuwa sai na ji ƙarar karkiya. Baba ya leƙo ɗakin Inna ya ce, "Hafiza ta biyo ni da ruwan sha."

A gangaren rafi aka yi yadda aka saba. Tsawa, ja, Goje ya kafe. Na tsaya nesa kaɗan da gora a hannu, na mai da idona kan ruwa. Can na ji tsawar ta tsaya. Baba ya zagayo gaban san, ya dafa ƙahonsa.

"To, Goje. Na san abin da ka gani." Muryarsa ta yi ƙasa. "Ka ga sun hito ta bayan ɗorawar can. Ka ji babura amma ka ce masu wucewa ne. Ka ga yaron da bai kai Shamsu ba ya ce ka kwanta, ka kwanta. Ka ci ƙasa da bakinka."

Goje ya kaɗa kunne, ƙuda ya tashi.

"Ka yi tahiya ba takalmi har ƙahwa ta tsage. An ɗaure ka da wani bawan Allah, mutumin Ƙanƙara, kuna raba ruwa a murhin jarka. Shina ce maka in ya riga ka hita zai je ya gaida iyalinka. Da sahe ka tashe shi, bai tashi ba. Aka bar ka ɗaure da shi har rana ta take." Ya sunkuyar da kai. "Na roƙe su. Na yi kuka gaban yara, Goje. Ni Gide. Na kira su iyayen gidana."

Ban san lokacin da gorar ta faɗi daga hannuna ba. Tausayinsa ya kama ni, na tsuguna a cikin yashi. Shi kuma ya kifa goshi a wuyan san, kafaɗunsa na rawa. Sun daɗe a haka. A ƙetare ana jin wani yana kora shanunsa, yana waƙa.

Da ya ɗago, ya share fuska da hular kansa, ya dube ni ido cikin ido, abin da bai yi ba tun dawowarsa.

"Hafiza."

"Na'am, Baba."

"Goje na Mabai ranar nan."

"Na sani, Baba."

Ya dubi hannunsa na hagu, inda igiya ta yi masa shaida ja a wuyan hannu. A hankali ya warware ta, ya miƙo mini.

"Amshi. Ki riƙe ta sako-sako, ki shige gaba. In na ce ki tsaya, kada ki tsaya."

Na karɓa. Goje ya sa ƙafa a ruwa tun kafin in ja shi, Ja ya bi. Muna tsakiyar rafi, ruwa iya gwiwa, na ji muryar Baba a bayana tana rawa.

"Tsaya, Hafiza. Tsaya."

Ban tsaya ba. Na kasa kunne, hawaye na zubo mini, har na ji ƙarar ƙafarsa a cikin ruwa.