Jan Zare a Wuyan Tulu

Akwai wata shuka a duniyar nan da ba ta son taki, ba ta son ruwan famfo, ƙwari take ci. A ƙarshen kowane ganyenta wata 'yar igiya ce ke saukowa, a bakin igiyar kuma sai ga tulu, ƙarami kamar kofin shayi, da murfinsa da komai. Ruwa ne a ciki mai ɗan yauƙi. Ƙuda ya ji zaƙin bakin tulun ya sauka, santsi ya kwashe shi, shi ke nan labarinsa ya ƙare. Mai Keke yana da irinta tukunya guda.

Mai Keke tsoho ne. Shekara arba'in ya yi yana gyaran keken ɗinki kafin idonsa ya ce ya gaji. Wata mata da ya daɗe yana yi wa gyara ce ta bar masa shukar ranar da za ta tashi daga garin, kuma tun daga ranar ya samu abin yi. Yana tarar ruwan sama a jarkoki ya hana kowa taɓawa. Yakan ja kujera ya yini yana leƙen cikin tulunan, yana mamakin yadda aka halicci ciki babu haƙori babu harshe. Tuluna bakwai ne. Shida sun buɗe, murfinsu ya miƙe tsaye ya yi ɗigo-ɗigon ja. Na bakwai sabo ne, kore shar, bakinsa a liƙe. Mako shida yana jiran ranar da zai buɗe.

A gidan ɗansa yake zaune. Ɗan nasa direban babbar mota ne, ya fi kwana a hanya, sai surukarsa da 'yarsu mai shekara uku, wadda kowa ke kira Tururuwa don ba ta zama wuri ɗaya kuma kullum tana ɗauke da wani abu. Surukar ba ta taɓa son shukar ba.

"Baba, abin da ke cin nama ai ya tashi daga shuka," ta ce ranar da ya shigo da ita. "Ga yarinya a gida."

"Wallahi 'yata, babu komai a ciki sai ruwa da ƙuda."

Ta yarda, amma da sharaɗi: a rataye tukunyar a ƙugiyar da ke saman baranda, inda hannun yarinya ba ya kaiwa.

To, barandar nan surukar ta sa an kewaye ta da raga saboda sauro, ko ƙwaro ɗaya ba ya shiga. Sai ya zama tsohon ne ke fita farauta da kwalin ashana, yana bin jikin bango da gwiwoyinsa masu ƙara. Yana da tsarinsa. Duk tulun da ya ba abinci sai ya ɗaura masa jan zare a wuya, daga ragowar zarurrukan sana'arsa, kada ya manta ya ƙara masa kafin wata ya cika, don abinci in ya yi wa tulu yawa ruɓewa yake.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, ya biya ta shagon mai hatsi na bakin layi.

"A'a, maharbi! Zakunan naka sun tashi da yunwa ne?" in ji mai hatsi. "Yau ka huta. Jiya na barbaɗa magani a bayan buhuna, zo ka ga gawa."

Ƙudaje ne da kyankyasai kwance birjik, wani farin gari ya manne a jikinsu. Mai hatsi ya share masa cikin kwali fal.

"Amma ka wanke hannu, dattijo. Maganin nan ba ya wasa, har ɓera ya kashe mini."

Mai Keke ya yi tunani a hanya. Ya ce a ransa matacce matacce ne, shuka kuma ba ta da hanta balle guba ta kama ta. Ya sauko da tukunyar ya ɗora kan benci, ya ciyar da tuluna uku, ya ɗaura musu jan zare. Sai maganar mai hatsi ta faɗo masa, ya tafi bayan gida wanke hannu. Ya saɓa sabulu sau biyu.

Ƙarar faɗuwar tukunya ya ji.

Da ya fito, shukar tana kife a ƙasa, tulunan sun zubar da abin cikinsu, ƙudaje masu farin gari suna yawo a kan ruwa a siminti. Tururuwa tana tsaye a gefe, haɓarta jiƙe, gaban rigarta jiƙe.

"Kaka, na sha shayinka," ta ce, tana dariya.

Ya dafa bango.

Surukar ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta dubi ƙasa, ta dubi 'yar, ta yamutsa fuska.

"Kai, ƙazama! Ruwan ƙuda kika sha?" Ta goge mata baki da gefen zane. "Allah ya taimake ki Kakanki ya ce ruwa ne kawai. Baba, bari in kawo tsintsiya."

Ta juya. A nan ne hanya ta buɗe masa. In ya yi shiru, za a share, a wanke siminti, babu mai sani. Wataƙila ma ba daga masu jan zaren ta sha ba. Uku ne cikin bakwai. Ya durƙusa yana ɗaga tulunan ɗaya bayan ɗaya, amma idonsa ya cika da ruwa, ganye da ƙasa sun cakuɗe, duk wanda ya ɗaga wayam yake.

"Wanne kika sha, uwata? Nuna wa Kaka."

Tururuwa ta nuna tukunyar gaba ɗaya. Sai ta yi hamma, ta murza ido, wani siririn yawu ya zubo daga gefen bakinta. Yara suna yin haka kullum. Ya san suna yi. Amma sai ɓeran mai hatsi ya faɗo masa, kwance a bayan buhu da ƙafafu sama.

"'Yata," ya ce. "'Yata! Bar tsintsiyar nan. Akwai guba a ciki."

Ta tsaya cak. Bai taɓa kallon surukarsa ido cikin ido ba tun da aka kawo ta gidan. Ranar ya kalle ta, ya faɗi komai: mai hatsi, farin gari, saukar da tukunya.

Da ta zage shi da ya fi masa sauƙi. Ludayin kawai ya ji ya faɗi, ta suri yarinyar ta yi waje ko takalmi babu. Ya bi ta yana ɗingishi. A bakin layi ya tsaya ya yi wa mai hatsi tsawa ya ba shi takardar maganin, mai hatsi ya miƙo masa ita, baki buɗe, bai yi barkwanci ba.

Asibitin unguwa ɗaki uku ne da dogon benci. Likitar mace ce mai furfura a gaban goshi. Ta karanta takardar maganin, fuskarta ta canja, ta haska idon yarinyar da 'yar tocila, ta kasa kunne a ƙirjinta.

"Tun yaushe? Nawa ta sha?"

"Ban sani ba," in ji Mai Keke.

"Daga me ta sha?"

"Daga tulun shuka."

Likitar ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. "Baba, ban da lokacin wasa."

Ya yi ta bayani yana haɗa kalmomi, ganye da igiya da murfi, har sai da surukar ta katse shi da murya a bushe: "Gaskiya yake faɗa. Wata shuka ce yake kiwo."

"To ku ji," in ji likitar. "Yanzu ban ga komai ba, amma irin wannan maganin yakan ɗauki lokaci. Za mu kwantar da ita mu sa ido. In kun ga gumi, ko yawu yana zuba da yawa, ko baƙin idonta ya ƙanƙance, ku kira ni da gudu."

Aka kwantar da Tururuwa a gado mai ƙarfe. Uwar ta zauna a gefe guda, tsohon ya tsaya a bakin ƙofa don bai ga yana da hurumin zama ba. Fanka tana juyawa a sama tana ƙiƙi-ƙiƙi, irin kukan ƙarfen da ya rasa mai, abin da da can zai gyara cikin minti biyu. Yana ƙirga numfashin yarinyar. Duk sanda ƙirjinta ya sauka sai ya ga kamar ba zai sake tasowa ba. Ɗigon gumi ya tsatso a hancinta. Zafi ake yi, kowa gumi yake, shi kansa rigarsa ta manne a baya. Amma wane gumi ne wannan? Ya tuna ɗansa yana can bisa hanya, yana tuƙi da rediyo a kunne, bai san komai ba. Da wane baki za a faɗa masa?

Wata nas ta zo cire wa yarinyar jiƙaƙƙiyar riga. Wani abu ya faɗo daga aljihu.

"Nawa ne!" in ji Tururuwa. "Murfina!"

Mai Keke ya sunkuya ya ɗauka. Ɗan murfi ne kamar farcen babban yatsa, kore shar, babu ɗigon ja ko ɗaya, gefensa a yage. Ya kai shi kusa da ido, ya kai shi bakin taga. Murfin da ya buɗe da kansa ba ya yagewa, kuma ba ya zama kore haka. Tulu ɗaya ne kawai a gidan mai irin wannan murfin.

Ya durƙusa a gaban gadon, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Uwata, wannan a ina kika samo?"

"Na ɓare. Na sha na ciki."

"Sauran fa? Masu jan zare?"

Ta turo baki, ta dube shi kamar wanda bai da wayo. "Ƙazanta! Mama ta ce ba a shan abin da aka bari a buɗe."

Uwar ta rufe fuska da hannu biyu, kafaɗunta suna girgiza, ba a san kuka take ko dariya ba. Tsohon ya yi wa likita bayani: tulun da bai buɗe ba, babu abin da ya taɓa shiga cikinsa, ko ƙura. Likitar ta juya murfin a tafin hannunta.

"Na ji. Amma maganar 'yar shekara uku ce. Sai yamma za ku tafi."

Haka suka zauna har rana ta yi sanyi, yana kallon baƙin idon yarinyar kamar yadda yake leƙen tulunansa, har ta gaji ta ce, "Kaka, daina kallona." Ta ci biskit, ta nemi ƙari, ta yi faɗa da nas a kan tocila. Aka sallame su.

A gida shukar tana nan inda ta faɗi. Ya ɗaga ta. Ga sabon tulun can ƙarƙashin ganye, bakinsa a yage, ya yi laushi. Masu jan zaren nan uku kuwa har sun fara baƙi daga gindi. Ya ɗauko tsohon almakashinsa ya datse su, ya ƙulle a leda tare da kwalin ashanar, ya wanke simintin da kansa sau uku. Sannan ya rungumi tukunyar ya nufi ƙofa.

"Ina za ka kai ta, Baba?" Maganarta ta farko ke nan gare shi tun hantsi.

"Bola."

Sai ta shiga ɗaki ta fito da guduma da ƙusa da tsani. Ta kafa tsanin a waje, bayan ragar, ta hau da kanta ta buga ƙusar can ƙarƙashin rufi.

"Miƙo. A nan ta kama ƙudanta da kanta." Ta rataye ta sauko. "Tsanin a ɗakina zai zauna. Ranar ban ruwa ka yi mini magana."

"To, 'yata."

Ta naɗe tsanin ta wuce. Ya tsaya yana kallon sama. Daga ƙasa ba a ganin cikin tulu, sai gindinsa. Ya sa hannu a aljihu ya taɓo ɗan murfin, ya riga ya fara bushewa. A cikin ɗaki Tururuwa ta yi tari sau ɗaya, irin na yara, sai ya tsinci kansa a bakin ƙofa yana kasa kunne.