Ba a Yabon Na Gida

A gefen Matameye, in ka kama hanyar Dungu, da can akwai wata makarantar kwana da mutane ke kira lakwal kawai, don babu wata da za a rikita ta da ita. Aji biyu ne na ginin ƙasa, da ɗakin kwana dogo kamar rumfar mahauta, da rumbu uku, da tsohon ƙarfen ƙafar mota rataye a jikin gawo, wanda ake bugawa da safe. Yaran daga ƙauyukan Kurni da Dungu aka tattaro su, kuma babu ko ɗaya da ubansa ya kawo shi da ƙafarsa.

Shugaban makarantar Mushe Muntaka ne, ɗan Birnin Damagaram, Mushe kuwa laƙabin malamin boko ne a mulkin Faransa. Ya yi karatu a Yamai, ya zo a 1951 da takarda, da wando mai kari, da imanin cewa duk abin da aka rubuta zai faru. Yara talatin aka damƙa masa ranar farko. Gudu da ciwo da auren wuri suka yi ta ɗauka, har aka bar masa goma sha ɗaya. Su ya koya wa riƙe alli, su yake son ya gani sun zauna jarrabawar sartifika a shekara ta shida. Ba ya son komai a duniya kamar a bar shi a wurin har wannan rana.

Kumandan, Baturen mulkin yankin, ya kafa wa makarantar kwamitin dattawa uku. Aikinsu su ga hatsi ya shigo rumbu daga ƙauyuka, a yi yaɓe kafin damina, a komo da yaron da ya gudu. Malam Inusa limamin unguwa shi ne babba. Sai Alhaji Illa mai sayen gyaɗa, sai Ɗanjuma, tsohon soja da ya dawo daga yaƙi da ɗingishi da Faransancin bariki. Suna zama sau ɗaya a wata, kashegarin kasuwa, a ƙarƙashin gawon nan. Taron da ya kamata ya ci rabin awa yakan kai azahar, don sai an gama da lafiyar kowa da dabbobinsa kafin a taɓa maganar rumbu, in an taɓa.

A shekarar farko babu irin girman da ba su ba Mushe Muntaka ba. Tabarma mafi kyau tasa ce, ranka ya daɗe ba ya barin bakinsu, kuma duk abin da ya nema sai su ce madalla, su tashi ba su yi ba. Da Anasara mai duban makarantu ya zo, suka yabe shi har ya rasa inda zai sa idonsa. Malam Inusa ya ce tun da aka sari garin ba a ga mai ilimi irinsa ba. Alhaji Illa ya ce zalunci ne a ajiye irin wannan mutum a ƙauye, Yamai ce ta dace da shi. Aka rubuta duka a takarda. Muntaka ya daɗe yana jin daɗin wannan rana, sai da matarsa Maryama ta jiyo a wurin masu daka cewa dattawan sun yi ta sa ido ko za a ƙara masa girma a ɗauke musu shi.

A shekara ta uku sanƙarau ya shiga ɗakin kwana. Malamin aji na biyu ya tuna yana da gwaggo marar lafiya a Magarya, ya tafi dubiya. Muntaka ya mai da aji ɗakin jinya, ya yi ta ɗaukar yara a kafaɗa, ya je Matameye da ƙafa ya komo da mai allura. Biyu suka rasu. Shi ya zuba ruwa, Malam Inusa ya yi musu wanka.

Daga nan yabo ya ƙare. Ranka ya daɗe ya ɓace, tabarma ta koma irin ta kowa. Alhaji Illa ya fara yi masa faɗa a kan yawo cikin rana ba hula. Ɗanjuma yakan aike shi ɗauko buta a gaban yaransa. Hatsi kuwa ya riƙa shigowa tun ba a tambaya ba. Shi Malam Inusa sai ya daina kiran sunansa ɗungum. Ko suna zaune gwiwa da gwiwa, sai ya dubi Ɗanjuma ya ce a gaya wa yaron nan gara ta kama rumbun gabas. Kowa a ƙasar nan ya san wanda dattijo ke yi wa haka. Ɗan fari ne ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a yi masa dariya a gaban mutane. Muntaka ya sani, amma ba wanda ya taɓa faɗa masa, shi ma bai taɓa faɗa wa kowa ba.

A bazarar 1956 labari ya zo cewa ana neman shugaban makaranta a Gure, can ƙasar Barebari, kuma sabon mai duban makarantu yana zagaye, yana tambayar kwamitoci kafin ya yanke wanda zai tashi da wanda zai zauna. Maryama ta ce wa Muntaka ya je ya gaya wa dattawan su faɗi alherinsa, tun da dai akwai shi. Ya sa babbar riga bayan la'asar, ya tafi zauren Malam Inusa. Suka gaisa. Suka yi maganar zafi, da hadarin da aka gani ta wajen Daura, da garar rumbun gabas. Malam ya miƙa masa goro ba tare da ya dube shi ba. Ya ci, ya yi sallama.

"Ka faɗa masa?" in ji Maryama.

"Mun yi magana."

"Ta gara ko? Sannu da ƙoƙari, Mushe. Sai ka fara tambayar yadda ake cewa ina kwana da Barbarci."

Anasaran ya iso ran Talata da hantsi. Saurayi ne, bai shekara da barin ƙasarsu ba, kuma yana da kyakkyawar niyya, abin da tsofaffin ma'aikata suka fi tsoro a wurin Anasara. Ya shiga aji, ya sa yara lissafi, ya leƙa rumbu, ya ɗanɗana tuwon rana har ya yi ƙoƙarin haɗiyewa. Sannan ya zauna a kujera ƙarƙashin gawo, ya ce shugaban makaranta ya koma gefe ya yi shiru, don dattawa su faɗi gaskiya ba tsoro. Ɗanjuma zai yi tafinta. A kullum in ya yi tafinta yakan ƙara gishiri yadda kowa zai tashi da farin ciki. Ranar nan, ganin saurayin na rubuta kowace kalma, ya fassara daidai, karo na farko a rayuwarsa.

Aka tambayi Malam Inusa yadda ya ga aikin shugaban makaranta. Malam ya dubi yatsun ƙafarsa ya daɗe.

"Yana nan," ya ce.

Anasara ya ce ya ga yana nan, aikinsa yake tambaya.

"Yaro ne. Yana koyo."

Anasara ya ce wane yaro, ai makarantar cike take da yara, a faɗi suna. Malam ya ɗan karkata haɓa wajen inda Muntaka ke tsaye, ya mai da idonsa ƙasa.

Alhaji Illa ya ga shiru ya yi yawa, ya shigo taimako. Shi ɗan kasuwa ne, ya san abin da ka yaba a gaban mai iko ka rabu da shi. An taɓa yabon dokin ƙanensa a gaban kumandan, an yabi wani mai allura mai hannu da sauƙi, kuma daga doki har mai allura babu wanda ya sake shan ruwan Matameye. Uwa ma in ta haifi kyakkyawa, mummuna take kiransa don kada baki ya kama shi. Saboda haka ya gyara zama ya jero aibi. Ya ce mutumin nan taurin kai gare shi, ba ya jin magana, yana tsare dattawa a taro har ƙafa ta mutu, ga shi bai iya zama da manya ba. Ya rufe da cewa su dai sun saba da shi, amma bai ga wani garin da zai iya haƙuri da irinsa ba. Yana gamawa ya dubi Malam Inusa kamar wanda ya ƙulle ƙofa ya sa mabuɗi a aljihu.

Anasara ya buɗe jakarsa, ya zaro tsohuwar takardar shekarar farko, ya karanta, ya dubi abin da ya rubuta yanzu. Ya girgiza kai a hankali.

Bayan dattawa sun tafi ya kira Muntaka cikin aji. Ya ce aikinsa ya fi na duk makarantun da ya gani tun daga Mirya. Amma shekara biyar da suka wuce mutanen nan suna ɗaukarsa kamar waliyyi, yau babbansu ko sunansa ba ya son kamawa. Ya ce bai tambayi abin da ya shiga tsakaninsu ba, ya san ƙauye, amma ba zai bar malami irinsa ya ruɓe a cikin mutanen da suka gaji da shi ba. Ya tambaye shi ko yana da abin cewa.

Yana da shi. Jimla uku ta isa, kuma Faransancinsa ya fi na mai tambayar tsabta. Sai dai jimla ta farko ita ce, dattijon nan ya ɗauke ni ɗansa. Muntaka ya juya ta a baki ya ji ba ta fita. Abin da mutum bai faɗa maka ba shekara uku, don ya fi ƙarfin faɗa, ba kai za ka kwashe shi ka shimfiɗa wa baƙo a kan tebur ba. Kuma in ya zamana kuskure ya yi fa? In Malam ya gaji da shi ne da gaske? Ta taga yana ganin yaransa goma sha ɗaya sun yi layi da akushi, manyan har gashin baki ya fara fito musu.

Ya ce ba shi da abin cewa. Anasara ya dafa masa kafaɗa, ya yaba masa da mutunci.

Takarda ta zo bayan an yi shuka: Gure, farkon Oktoba. Ɗanjuma ya kai labari gari, kuma kashegari, ba kashegarin kasuwa ba, kwamiti ya zo a kan lokaci. Alhaji Illa ya rantse an yi musu asiri. Ya ce ya tallata kaya da mafi munin baki, aka kuma saye, bai taɓa ganin irin wannan ciniki ba. Suka yanke a rubuta wa gwamna a Yamai. Sai aka duba, a duk faɗin wurin mai iya rubuta wa gwamna mutum ɗaya ne.

Muntaka ya kawo tebur da tawada, ya rubuta gaisuwa, ya ɗaga alƙalami yana jira. Alhaji Illa ya ce Malam ya fara, shi ne babba. Malam ya ce a gaya wa yaron nan ya rubuta abin da ya dace. Muntaka ya ce shi marubuci ne kawai, abin da aka faɗa zai sa. Tawada ta bushe a bakin alƙalami, ya sake tsomawa. Ɗanjuma ya ce to a ce mutumin kirki ne mana. Malam ya yi gyaran murya, Ɗanjuma ya janye.

Wasiƙar da ta tafi Yamai ta ce kwamiti na roƙon a bar shugaban makaranta a inda yake, saboda gara ta kama rumbun gabas kuma shi ya san inda ta fara. Dattawa uku suka dangwala yatsa. Ba a sami amsa ba, kuma babu mai iya cewa gwamna ya yi rashin adalci.

Ranar tafiya motar Alhaji Illa ta kwashe su zuwa Damagaram. Matan daka suka cika wa Maryama ƙwarya da kuka da daddawa. Ɗanjuma ya sara masa irin ta soja. Malam Inusa bai fito ba, an ce yana da baƙi, ko da yake babu wanda ya ga baƙin.

A Gure Muntaka ya sami gini na siminti da kwamiti mai yawan ladabi. Ya yi aikinsa. In watan jarrabawa ya matso yakan tsinci kansa yana lissafin inda yaran can suka kai a littafi, da wanda har yanzu lissafin rabawa ke ba shi wuya, da ko sabon malamin ya gane cewa wani mai in'ina a cikinsu ya fi kowa sani in aka ba shi lokaci.

Damina ta sake faɗuwa kafin wani mai fataucin kanwa ya yi sallama a ƙofar gidansa. Ya ce daga Matameye yake, ya kwana biyu a zauren liman. Ya ce garin ana ta murna, yaran lakwal bakwai sun ci sartifika, har Alhaji Illa ya yanka rago. Muntaka ya tambayi sunayensu ɗaya bayan ɗaya, mai kanwa ya kawo biyar, ya manta biyu. Sannan ya ce liman ya ba shi saƙo, ya sa shi ya maimaita sau biyu don kada ya ƙara ko ya rage.

"Ya ce in gaya wa yaron nan huɗu sun faɗi."

Muntaka ya ce ya ji. Ya leƙa cikin gida ya ce wa Maryama a kama zakaran nan, baƙo zai kwana.