Gashin Idon Burtu

A rumfar Ibrahim tela gardamar ta tashi, nan bakin kasuwar Birnin Gwari, wata Laraba bayan la'asar. Zamanin Turawa ne, lokacin da ko itacen gandu mutum zai sara sai da takardar En'e.

Malam Abarshi, malamin gandun daji, shi ya jawo wa kansa. Mutum ne mai son tsuntsaye tun yana ƙarami, ba kuwa don miya ba. A bayan ɗakin matarsa Huseina ya girke wani tsohon kasko, in ta wanke gero sai ta juye ƙasarin a ciki. Shi kuma ya shimfiɗa buzu a inuwa yana kallon masu zuwa sha, kurciyoyi da tsirya da wata cilakowa marar kunya da ke korar kowa. Da Baturen daji, shugabansa a wurin aiki, zai koma ƙasarsu sai ya bar masa akwatin ɗaukar hoto, irin wanda ake ratayawa a wuya, a riƙe shi a ciki, a sunkuya a leƙa ta sama. Tun daga nan abin ya zame masa ciwo.

To ranar nan ana cikin hira sai ya ce ai burtu yana da gashin ido, zara-zara, ya fi na kowace amarya a garin nan. Ya ce da idonsa ya gani, a madubin hangen nesa na Baturen, can cikin dajin Kamuku.

Ibrahim ya tsayar da keken ɗinki. Ɗan gwaggon Abarshi ne, taubasai ke nan, ba abin da ba ya iya faɗa masa.

"Gashin me ka ce?"

"Gashin ido."

"Tsuntsun? Jama'a ku zo ku ji bawan gidanmu, boko ta gama da shi! Wa ya taɓa ganin kaza da gashin ido? Gobe kuma sai ka ce ka ga kurciya da gemu."

Rumfa ta kece da dariya. Kowa ya rantse tsuntsu ba shi da gashin ido, alhali babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa tsugunawa ya dubi idon kazar gidansa, balle na burtu. Haka suka taso suka ji, shi ke nan ya zama ilimi.

"Ku tambayi maharba mana," in ji Abarshi.

"Maharba? Mutanen da ke cewa sun yi hira da ɓauna? Kai dai kawo mana gawarsa mu gani."

"Ba zan kashe shi don ku ba. Hotonsa zan kawo."

Kafin mako ya zagayo an raɗa masa suna Malam Gashin Ido. Mata a bakin rijiya suna tambayar Huseina ko za ta aika da kwalli daji. Wannan ya ci wa Abarshi rai, domin shekara ashirin yana aikin gandu ba a taɓa cewa ya faɗi abin da bai gani ba, yau ga shi an mai da shi maƙaryaci a bakin kasuwa.

Matsalar kuwa ita ce fim ɗin da ke cikin akwatin hoto takwas yake ɗauka, ya riga ya ɗauki bakwai. Saura ɗaya tak, kuma ba wani fim sai a Kaduna. Ya kuma san halin akwatin nan. In tsuntsu ya yi nisa, a takarda sai ya fito kamar ƙwayar riɗi a kan tabarma. Sai an matsa kamar taku biyu. Burtu kuwa tun daga taku ɗari in ya hango mutum sai ya juya ya yi gaba abinsa.

"Ka je wurin Bakoji," Huseina ta ce, tana tankaɗe ba ta ko ɗago kai ba.

"Bakoji maharbi? Wanda na ƙwace wa tarko bara a cikin gandu?"

"Shi fa, Malam. Kai ka san sunan tsuntsu da Turanci, shi ya san inda yake kiwo."

Abarshi ya haɗiye girman kai, ya hau basukur zuwa ƙauyen Bakoji da ke bakin daji. Tsohon ya saurare shi har ƙarshe, ya yi dariya har da tari, sa'an nan ya shiga ɗaki ya fito da kan burtu. Icce ne aka sassaƙa da dogon wuya da dogon baki, aka rufe da baƙar fata, aka sa masa maɗauri. Maharbi yakan ɗaura shi a goshi, ya lulluɓa da baƙin tufa, ya yi ta rarrafe, namun daji su ɗauka tsuntsu ne har ya iso gabansu.

"Da shi muke yaudarar gada da barewa," in ji Bakoji. "Amma ban taɓa jin wanda ya yaudari mai kan da kansa ba. Tsuguna mu gani, Malam."

Kwana biyu malamin En'e guda yana rarrafe a tsakar gidan maharbi, matan gida na bayan zana suna toshe baki.

"A'a, a'a! Ka ɗaga baya sama kamar mai neman allura. Sauke! Burtu ba ya gaggawa, basarake ne. Taku uku, ka caki ƙasa. Kuma kada ka nufe shi kai tsaye, bi ta gefe, kamar mai zuwa zance gidan da ba a son sa."

"Baba, gwiwoyina sun mutu."

"Ni da nake haka shekara arba'in, kai ka zo ka kwashe mini tarko, ka tambayi gwiwoyina?"

Ran Juma'a da suka idar da asuba suka shiga daji. An yi toyi ba da daɗewa ba, fili ya yi baƙi, sabuwar ciyawa ta fara tsirowa kamar gashin jariri. Tun kafin su ga komai suka ji kukan, gudum, gudum-gudum, kamar ana kaɗa ganga a cikin rijiya. Can sai ga su su biyu, namiji da mace, suna takawa ɗai-ɗai suna duban ƙasa.

Bakoji ya laɓe bayan wani suri. Abarshi ya ɗaura kan, ya lulluɓa da baƙin zanen Huseina, akwati na lilo a ƙirjinsa, ya yi bisimilla ya durƙusa.

Taku uku, ya caki ƙasa. Toka ta cika masa hanci, ya danne atishawa har hawaye suka zubo. Cinnaka ta sami hanya ta cikin wando. Bai tsaya ba, bai kuma nufe su ba, sai zagaye yake yi yana ɗan matsawa. Da ya rage kamar taku ashirin, namijin ya ɗaga kai, jan maƙogwaronsa ya kumbura, ya zuba masa ido. Abarshi ya tsaya cak.

Ya ce bari dai ya leƙa ya ga yadda suke a cikin akwati. Ya sunkuya, sai bakin iccen ya daki ƙasa. Bai ga komai ba sai ciyawa. Ya gyara ya sake sunkuyawa, baki ya sake dukan ƙasa. Ya sake, ya sake, ya manta da taku uku, ya manta da sarauta. Shi neman tsuntsu yake a madubi. A idon burtu kuwa, wani baƙon ɗan'uwa ne ya faɗo kan gidan fara yana ci shi kaɗai.

Sai ga namijin nan ya taho da dogon taku, bai tsaya ba sai dab da shi. Ya karkata kai yana duban ƙasa, yana neman abin da ake ci. A cikin ɗan madubin nan da bai fi farcen babban yatsa ba, Abarshi ya ga idon, ya ga gashin a jere, baƙi, dogo, ya lanƙwasa. Tsuntsun ya lumshe ido ya buɗe, a hankali. Daɗi ya kama Abarshi har ya kusa mantawa da abin da ya kawo shi.

Ƙyas! Ya danna akwati.

Burtu ya ga ba fara ba ƙadangare, sai ya kai wa kan iccen wani irin sara har ya juya ya koma ƙeya. Abarshi ya faɗi rigingine yana salati, hannu biyu rungume da akwati. Tsuntsayen suka ruga, suka tashi da ƙyar, fararen fukafukai na walƙiya. Bakoji kuwa yana can kwance bayan suri, dariya ta hana shi ko kiran sunansa.

Washegari aka ba direban babbar mota fim ya kai Kaduna a wanke. Mako uku Abarshi ba ya bi ta bakin kasuwa. Ran da ambulan ya iso bai buɗe a gida ba, ya wuce da shi rumfa kai tsaye, ya ce in kunya ce gara a sha ta gaba ɗaya.

Bakwai na farko ƙwayoyin riɗi ne. Na takwas ya karkace, rabinsa sararin sama ne, baki ma ya yanke. Amma ga kai nan, ga ido.

Ibrahim ya goge hannu a rigarsa, ya karɓa, ya fita da shi haske. Ya daɗe. Mutane suka yi masa rumfa da kawuna.

"Zanawa aka yi a Kaduna," wani ya ce daga baya.

"Rufe mana baki," in ji Ibrahim. "Ni tela ne, na san zare, na san gashi." Ya zaro allura daga hularsa, yana bin gashin da tsininta ɗaya bayan ɗaya, leɓɓansa na motsi. Ya ɗago. "Tabɗi. To na ji, Abarshi, yana da shi. Jama'a, yana da shi, har ya fi na uwar 'ya'yana."

Abarshi ya nemi benci ya zauna, ya kasa rufe baki don daɗi.

"Amma tsaya," Ibrahim ya ce, idonsa na kan hoton har yanzu. "Wannan namijin ne. Macen fa?"

"Ban kai gare ta ba."

"Au, ba ka kai ba?" Ya miƙa masa hoton, ya jawo ƙyalle ya rufe keken ɗinki. "To magana ba ta ƙare ba. Basukur ɗin nan naka yana ɗaukar mutum biyu?"